Saura Sa Hannun Daktora Suhaila

Lahadi, 3 ga Rajab, bayan La'asar

Alhamdu lillahi! Takardun yarinyar gidan Yaya Maimuna sun dawo daga tantancewa, babu matsala ko ɗaya. Ina ofishina a makaranta, ina lallashin wata 'yar aji uku da ta rantse lissafi ba zai taɓa shiga kanta ba, saƙon ya shigo jawwal, wato wayata. Na ce ta je ta sha ruwa ta dawo. Na rufe ƙofa, na yi sujada a kan kafet ɗin da ban san rabonsa da shara ba.

Bari in rubuta yadda abin yake, don na gaji da maimaita wa Yaya. Hai'a, wato hukumar da ke ba ma'aikatan lafiya lasisi, ba ta barin kowa ya zauna da iyali ya ba su shawara kan cututtukan gado sai ya cika sharuɗɗanta. Digiri na biyu, ta gama. Tantance shaidun karatu, yau aka gama. Kwas ɗin farfaɗo da wanda numfashinsa ya tsaya ma ta yi, har ta zo ta gwada a ƙirjin ɗana Taha, ya kwana biyu yana mita. Abin da ya rage shi ne horon asibiti a Jidda. Sai shugabarta, Daktora Suhaila, ta sa hannu cewa ta gan ta tana ɗaukar tarihin iyali tana yi musu bayani yadda ya kamata. In babu wannan sa hannun, babu jarrabawa, kuma ƙarshen Rajab ake rufe rajista. Sabon asibitin da ke nan Makka ya ajiye mata gurbi, amma da sharaɗin lasisi ya fito kafin azumi.

Sa hannu ɗaya kacal. Ai an gama!

Litinin, 4 ga Rajab, da hantsi

Na sa ta a jerin masu jawabi na ranar sana'o'i. Shugabar makaranta, da ke kirana Abla yadda ake kiran malamai mata a nan, ta ce, "Abla Hafsa, ba ki jira lasisin ya fito ba?" Na ce yana hanya. Ni na san ranar da abin ya fara. Tana aji biyu na sakandare ta shigo wannan ofishin, bayan rasuwar ƙanenmu Awwalu, ta ce, "Abla, me ya sa sikila ta kama Kawu ta bar ku, alhali uwarku ɗaya ubanku ɗaya?" Na ɗauko waken suya da farin wake a kicin ɗin malamai, muka yi ta haɗa su bibbiyu a kan teburina. Yau ga inda wake ya kai mu.

Talata, 5 ga Rajab, bayan Magariba

Na yi wa mai sirei, tsiren garin nan, na bakin unguwar Misfala magana kan walimar da za mu yi mata, ya ce in faɗa masa rana kawai, zai sa yaji na musamman. Autata Lujain tana jina ina waya da ƙawata, ina ta cewa yarinyar nan, yarinyar nan. Da na ajiye ta ce, "Umma, ki ce Haifa mana. Wallahi sunan ba ya cizo."

Na ce ta je ta duba shinkafa.

Alhamis, 7 ga Rajab, da La'asar

Ta dawo daga Jidda a jirgin ƙasa na rana, ba ta biyo ta nan ba. Kullum sai ta biyo.

Juma'a, 8 ga Rajab, bayan Magariba

Na je gidan Yaya da kwanon mantu, ƙullin fulawar nan mai nama a ciki. Yaya ta tare ni a tsakar gida, ta nuna ɗaki da haɓa. "'Yar taki tun jiya shayi kawai take sha."

Na ce, "Taki dai."

Ta ce, "To, tawa. Shiga ki ga tawa."

Na same ta zaune a ƙasa, rigar asibiti na rataye a ƙofar kabad. Ta gaishe ni kamar kullum. Na ce yaya Daktora, yaushe za a sa hannu? Ta ce ba za a sa ba tukuna.

An sami kuskure a tarihin wani iyali da ta ɗauka. Abin da matar ta faɗa mata daban, abin da mijin ya faɗa wa Daktora daga baya daban, kuma bayanin da ta yi musu ta gina shi ne a kan na farko. Da ma ita aka ba matar don tana jin Hausa. Na ce wace mata, wane irin kuskure? Ta ce, "Abla, ba zan iya faɗa ba. Sirrin marasa lafiya ne."

Na ce ai ni ba bare ba ce.

Ta ce, "A wannan ke bare ce. Ki yi haƙuri."

Na ji zafi, kuma na ji daɗi. Ni na koya mata riƙon sirri, ga shi an fara gwada shi a kaina. Mantu dai ko taɓawa ba ta yi ba.

Asabar, 9 ga Rajab, da safe

Ban kira ta ba. Na goge kicin sau biyu.

Lahadi, 10 ga Rajab, bayan Azahar

Kuskure ɗaya ne fa. Wa ya taɓa koyon aiki bai yi kuskure ba? Yau na faɗa wa 'yan aji ɗaya haka, har na yi musu dogon bayani, suna ta kallona don tambayar da suka yi kan jadawalin jarrabawa ce.

Shugaba ta leƙo ta ce an buga sanarwar ranar sana'o'i, ga sunan baƙuwata da manyan baƙaƙe. Na ce masha Allah, ta yi kyau.

Litinin, 11 ga Rajab, da yamma

Akwai labari mai daɗi! Daktora ba ta ce a'a ba. Ta ce za ta ba ta dama ɗaya: a sake kiran iyalin, ta sake ɗaukar tarihin daga farko, Daktora na zaune tana kallo. In ya fita daidai, ta sa hannu. In bai fita ba, sai ta ƙara wata shida na horo, gurbin Makka kuwa ya tafi.

Matsalar ita ce matar ta ce ba za ta dawo ba. Wai yarinyar ta tambaye ta a waya me ya sa ba ta faɗi gaskiya ba, ita kuwa ta kashe wayar. Wannan ma Yaya ce ta jiyo ta bayan labule, ba a gaya mini ba.

Amma dama dama ce. Na ce wa mai sirei ya ɗan dakata, ban ce ya fasa ba.

Laraba, 13 ga Rajab, bayan La'asar

Na je walimar suna wajen mutanen unguwar Nakkasa da aka tasa, waɗanda suka koma can bayan gari. Mata cike da ɗaki, masu Hausar Cadi, masu ta Sudan, namu na nan da Larabci ya cinye rabin bakinsu. Na kasa cin abinci. Duk wadda ta wuce sai in ce a raina, ko ita ce? Wata doguwa mai goyo ta ce ta je asibiti Jidda makon jiya, na matsa kusa da ita, ashe haƙori ta je cirewa.

Hausawan garin nan nawa ne da zan kasa gano mace ɗaya? Tambaya uku ta ishe ni. In je gidanta da turare da dabino, in ba ta haƙuri irin na manya, ta dawo.

Alhamis, 14 ga Rajab, da safe

Na faɗa mata shawarata a waya tana cikin jirgi. Ta ce, "Abla, in kika taka ƙofar matar nan, ba wata shida ba, har abada ba za a ba ni lasisi ba. Kuma da gaskiyarsu. Ki rantse ba za ki tambayi kowa ba."

Na rantse.

Shekaru ina gyara wa 'ya'yan mutane hanya. Wannan kuwa an ce in naɗe hannu.

Juma'a, 15 ga Rajab, bayan Magariba

Dole in rubuta wannan tun da zafinsa.

Mun ci abincin rana a gidan Yaya. Bayan an kwashe kwanuka ta fito da farar takarda da fensir, ta ce tana so ta gwada hannunta, ko matar ta dawo ko ba ta dawo ba. "Abla, zo ki zama mara lafiyata." Na gyara zama da murna. Na ce a raina, yau za ta ga yadda mai ilimi ke amsa tambaya.

Ta ce namiji akwati ake zana masa, mace da'ira, layi kuma yana nuna wa ya haifi wa. Ta zana Baba da Inna. Ta ce ku nawa ne a wurinsu? Na ce shida, na jero mu. Da na zo kan Mukhtaru, Yaya ta ce daga inda take kishingiɗe, "Mukhtaru nono ya sha, ba Inna ta haife shi ba."

Na ce ai ɗan'uwanmu ne.

Yarinyar ta ce, "A aure da hijabi ɗan'uwanku ne, a jini kuwa a'a." Ta goge akwatinsa tana dariya. Rabon da in ji dariyarta tun farkon wata.

Ta zana ni, ta zana babansu Taha. Ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "'Ya'yanki nawa?"

Na ce biyu, Taha da Lujain.

Wallahi ban yi tunani ba. Haka nake amsawa shekara da shekaru.

Ta zana akwati da da'ira. Ta juya ga Yaya. "Ummi, ke fa?"

Yaya ta ce, "Ɗaya, ga ta nan tana damuna da tambaya."

Ta fara jan layi daga Yaya, sai fensirin ya tsaya. Ta daɗe tana kallon takardar. Lujain ta leƙo ta kafaɗarta ta ce, "Lah! Haifa, an ba da ke kyauta a takarda ma."

Ta ɗago ta dube ni. "Abla, ciki nawa kika yi?"

Na kalli fanka.

Yaya ta tashi zaune. "Ke, ba ki da kunya? Wa ya taɓa tsare uwa da ido a kan ɗan farinta? Ni za ki tambaya. Huɗu ta yi. Ke, sai wanda ya koma tun ba a yi suna ba, sai waɗannan biyun masu cin shinkafa. Ranar da aka yaye ki Inna ta goyo ki ta kawo mini, don ɗakina shiru. Ita wannan ko da wuƙa a wuya ba za ta ƙirga ki ba, kuma haka Inna ta yi wa babban yayanmu har ta koma ga Allah."

Yarinyar ta ce a hankali, "Ya'ni duk uwa Bahaushiya haka take yi?"

Yaya ta ce, "Duk mai tarbiyya dai."

Fensirin ya faɗi. Ta dafe kai da hannu biyu ta ce, "Ya Allah. Ba ƙarya ta yi ba, na farkon ne ba ta..." Ta toshe bakinta. "Ban ce komai ba. Ba ku ji komai ba."

Muka ce ba mu ji ba. Lujain ta ce ita da ma Hausarta ba ta kai nan ba.

Ta miƙe tana zagaya ɗaki, tana magana rabi Larabci rabi Hausa, fuskarta kamar an kunna fitila. Na ji kamar in yi guɗa. Sai ta tsaya a gabana ta ce, "Na san ke kika haife ni, Abla, kowa ya sani. Amma na ɗauka halinki ne ke kaɗai. Na ɗauka ko..."

Ba ta ƙarasa ba. Aka kira La'asar, kowa ya tashi alwala.

Asabar, 16 ga Rajab, da safe

Abin da ta ɗauka ɗin nan, wai ko ƙin ta nake yi. Tun yaushe?

Asabar, da yamma

Na shirya wa 'yan aji uku darasi kan zaɓen kwas. Na wanke labule. Tun yaushe take ɗaukar haka, ina zaune da ita a ofis muna ƙirga wake?

Lahadi, 17 ga Rajab, bayan Magariba

Ta biyo daga tasha kai tsaye, da jakarta da komai. Ta ce ta yi wa Daktora bayanin alkunya, da riƙo, da 'yan'uwan nono. Daktora ta ce na nono ta sani, ai a Hijaz aka haife ta, amma uwa ta ƙi ƙirga ɗanta, wannan sai ta gani da idonta. Ta kuma ce al'ada ba uzuri ba ce: aikin mai ba da shawara ne ya san yadda zai yi tambaya, kuma kiran mutum maƙaryaci a waya laifi ne mai zaman kansa. Yarinyar ta ce ta amsa duka biyun. Ta roƙi a bar ta ta ba matar haƙuri ta layin asibiti, a gaban Daktora. An bar ta. Matar ta ce za ta yi shawara da maigidanta.

Sannan ta ce ta yi wata dabara, tana so ta gwada a kaina. Na ce na gaji da zama mara lafiya. Ta ce minti biyu.

Ta zana ni. A ƙasana, a farkon layi, ta zana akwati da da'ira, babu suna a cikinsu. Ta ce, da ladabi kamar ba ta san ni ba, "Hajiya, na san akwai wanda ba a faɗin sunansa. Ba sai kin ce komai ba. In namiji ne ki taɓa nan, in mace ce ki taɓa nan." Ta kau da kai tana kallon taga.

Na ɗora yatsana a kan da'irar.

Ta juyo ta gani. Ta ce, "Na gode, Hajiya. Lafiyarta ƙalau?"

Na ce ƙalau, sai dai ba ta cin abinci.

Ta ci tuwo malmala biyu kafin ta tafi. Wannan dabarar ba a littafi ta samo ta ba, ba kuma ni na koya mata ba. Kai, yarinyar nan!

Talata, 19 ga Rajab, da hantsi

Shiru daga wajen matar. Ban tambayi kowa ba. Na rantse, kuma ina kan rantsuwata, amma yau saura kaɗan.

Alhamis, 21 ga Rajab, bayan Azahar

Za ta zo! Ranar Litinin, tare da wata babbar yayarta. Ina tsakiyar taron malamai saƙon ya shigo, na ce Allahu akbar da ƙarfi, malamar kimiyya ta zubar da shayinta.

Lahadi, 24 ga Rajab, bayan La'asar

Na je Harami da ƙafa ta Misfala, cikin masu umara. Na yi ɗawafi. A addu'a ai ba a jin kunya, can na faɗi sunan yadda nake so. Na yi wa matar da ban sani ba addu'a ita ma, da wanda ba ta ƙirgawa, ko mene ne ke damunsa Allah ya ba shi lafiya.

Litinin, 25 ga Rajab, da Azahar

Har yanzu.

Litinin, bayan Magariba

Ta kira, muryarta a dushe. Ta ce an yi zaman, ya ɗauki lokaci, an yi kuka, an kuma yi dariya. Abin da aka faɗa a ciki ba nawa ba ne, ban ma tambaya ba. Na ce Daktora fa? Ta ce ta tattara takardunta ta ce su haɗu Laraba.

Laraba! Rajista kuma Alhamis take rufewa. Wace irin mace ce wannan? Na ce wa Yaya da ni ce shugabar da tuni na sa hannu. Yaya ta ce shi ya sa ba a ba ni ba.

Laraba, 27 ga Rajab, da hantsi

TA SA HANNU.

Laraba, da yamma

Na raba alewa a duk ajin da na shiga, har da waɗanda ba nawa ba. Daktora ta ce ta jinkirta ne don ta sake bin tarihin da kanta tare da mijin, komai ya dace. Ta kuma ce yarinyar ta nuna wa sauran masu horo dabarar taɓawa kafin ta bar asibitin. An yi rajistar jarrabawa tun kafin La'asar. Na kira mai sirei, ya ce, "Abla, wannan karon da gaske?" Na ce ya fara daka yaji.

Talata, 17 ga Sha'aban, bayan La'asar

Na daɗe ban rubuta ba, muna ta bitar jarrabawa. Ta ci. Jiya lasisin ya fito a jawwal ɗinta, da hotonta da lambarta. Lahadi za ta fara aiki a nan Makka, ba sauran jirgin Jidda.

Yau aka yi ranar sana'o'i. Ni ce mai gabatar da baƙi. Na gabatar da injiniya, na gabatar da mai harhaɗa magunguna, kowacce da cikakken sunanta. Da aka zo kanta na ce, "Baƙuwarmu ta gaba tsohuwar ɗalibar makarantar nan ce, sunanta na nan a allo." Lujain ta rufe fuska da littafi.

Ta hau ta yi bayanin sharuɗɗan lasisi ɗaya bayan ɗaya, yara na rubutawa. 'Yar aji ukun nan mai gaba da lissafi ta ɗaga hannu ta ce wanne ya fi wuya, jarrabawar ko horon? Ta ce, "Tambaya ce ta fi wuya. Sai na koma gida, wurin mata biyun da suka yi ni, kafin na iya ta." Yaya na layin gaba tana gyara mayafi kamar ita aka ba lasisin. Ni na duƙa ina neman wani abu a jaka.

Da aka tashi ta miƙo mini takardar nan da ta zana ranar Juma'a a gidan Yaya. Layin da ta fara ja daga Yaya yana nan, ta mayar da shi ɗigo-ɗigo, ta ce haka ake nuna riƙo. Da'irarta kuwa babu cikakken layin da ya haɗa ta da kowa ta sama. Ta ba ni fensir, ta juya tana gaisawa da malamai.

Na ja layin, daga ni zuwa ita. Na danna sosai, ko an goge zai nuna.